Ƙauyen Jawa: Gonar da ba ta riƙe gida, da tafiyar da ke riƙe gonar

Tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya bai kai faɗin jihohin Neja da Borno ba idan aka haɗe su. Amma ƙidayar 2020 ta samu mutum fiye da miliyan 150 a kansa, sama da rabin al'ummar ƙasar ke nan, a cunkushe cikin filin da bai wuce kashi 7 cikin ɗari na faɗinta ba. Wanda ya ji haka sai ya zaci birni ne tun daga wannan bakin teku har zuwa wancan. Ko kusa. Da zarar mota ta fita daga Jakarta ko Surabaya, abin da ido zai yi ta cin karo da shi fadamun shinkafa ne, an yanka su fangali-fangali, ga ƙauyuka a ɓoye cikin itatuwa a tsakaninsu, wannan na jin kiran sallar wancan.

Dalilin da ya sa ƙasar ta iya ɗaukar wannan jama'a ba ɓoyayye ba ne. Duwatsu masu aman wuta sun jeru a tsakiyar tsibirin daga yamma zuwa gabas, tokarsu kuwa taki ce. Dutsen Merapi da ke arewa da Yogyakarta ya kashe mutum sama da 300 a 2010, amma da ƙura ta lafa manoma sun koma kewayensa, don ƙasar wurin ba ta gajiya. Ga damina mai nauyi daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, ga magudanan ban-ruwa da aka gada kaka da kakanni. Inda ruwa ke zuwa a kan kari, ana girbe shinkafa sau biyu a shekara a bi ta da masara ko waken suya ko gyaɗa, wasu wuraren ma sau uku.

Sai dai albarkar ƙasa daban, rabon mutum a cikinta daban. Ƙidayar manoma ta 2013 ta nuna fiye da rabin gidajen manoman Indunusiya ba su noma ko rabin hekta, kuma akasarin irin waɗannan gidaje a Jawa suke. A yi lissafi. Hekta guda tana ba da shanshera kusan tan 5 a girbi ɗaya. Mai kwatan hekta zai tashi da tan ɗaya da 'yan kai. A cire kuɗin taki da iri da feshi da hayar injin huɗa da ladan masu dashe, a kai injin casa wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi a ƙaiƙayi da dusa. Abin da ya rage zai ciyar da gida shinkafa. Ba zai biya kuɗin makaranta da asibiti da gudummawar biki ba.

Ga shi kuma ba a sayar da gonar nan sai tura ta kai bango. Wanda ke son fahimtar wannan sai ya ɗaga kai daga gonar ya dubi titi, domin a ƙauyen Jawa na yau kuɗin da ake samowa a tafiya ne ke hana gonar salwanta, gonar kuma ita ke ba matafiyin wurin komawa.

Wa ke da me

Fili iri uku ne a ƙauyen. Akwai sawah, fadamar shinkafa mai ruwa, ita ce mai daraja. Akwai tegalan, gonar tudu da ake sa wa rogo da masara. Sai pekarangan, filin da ke kewaye da gida, wanda baƙo zai ɗauka daji ne kawai. Ya duba da kyau: kwakwa a sama, mangwaro da ayaba da gwanda a ƙarƙashinta, citta da kurkum da barkono a ƙasa, kurmin gora a bayan gida, kaji da agwagi na kiwo a tsakani, awaki a garke ana kai musu ciyawa. A wurare kamar Gunungkidul da Wonogiri mutum kan dasa itacen jati, mai katako mai tsada, ya bar shi shekaru, ranar da aure ko rashin lafiya ya taso a kira mai zarto. Saniya ma haka, ajiya ce. Shi kansa gidan katako irin na da ana iya kwance shi a sayar a ɗora a mota, filin ya tsaya a hannun mai shi, domin a al'adarsu da dokarsu mallakar gini ba dole ta bi mallakar ƙasa ba. Shi ya sa za ka tarar da iyali sun yi shekaru zaune a gidan kansu a kan filin maƙwabci.

Yadda aka raba sawah yana da tarihi mai ɗaci. A da, riƙe fadama tafe yake da nauyi: wanda ke da ita shi ke biyan haraji, shi ke fita aikin sarki. A 1830 gwamnan Turawan Holan, Johannes van den Bosch, ya kawo noman dole, inda kowane ƙauye zai ware kashi ɗaya cikin biyar na gonakinsa ya noma wa gwamnati rake ko baba ko kofi. A takarda ke nan. A ƙasa abin da aka karɓa ya sha wuce haka. Masana tarihi da dama na ganin a lokacin ne ƙauyuka suka ƙara rungumar tsarin rarraba fadama tsakanin magidanta, ana juya ta daga hannu zuwa hannu, don a samu kafaɗu da yawa da za su ɗauki wahalar. Dokar filaye ta 1870 ta buɗe wa kamfanoni ƙofa, ta kuma ce duk filin da ba wanda ya iya tabbatar da mallakarsa na gwamnati ne. Daga wannan tushe aka gaji abin da ake gani yau, inda kamfanin gwamnati na Perhutani ke riƙe da dazuzzuka masu faɗi a tsibirin, ƙauyukan bakin daji kuma na shuka masara tsakanin 'ya'yan itatuwa da izininsa.

Akwai wani fili da ba na kowa ba, kuma shi ya fi tayar da jijiyar wuya. Sunansa bengkok, gonar sarauta, wadda dagaci da muƙarrabansa ke ci a madadin albashi muddin suna kan kujera. Dagacin, Pak Lurah kamar yadda suke kiransa, ba gadon sarautar yake yi ba, zaɓarsa ake yi, kuma al'adar zaɓen ta faro tun ƙarni na 19. A ƙarƙashinsa akwai carik, magatakarda, da ulu-ulu mai rabon ruwa, wanda da rani ba ya barci saboda masu toshe magudanar maƙwabci cikin dare, da modin mai kula da jana'iza da addu'o'i. Kowa da yankinsa na bengkok. A ƙauyen da talaka ke da kwatan hekta, rabon dagaci kan kai hektoci na fadama mafi kyau. To me zai hana zaɓe ya yi zafi? An daɗe ana ba kowane ɗan takara alama ta amfanin gona, wannan shinkafa, wancan rogo, wancan masara, ana dafa abinci a gidajensu dare da rana, ambulan ɗin kuɗi na zagawa da asuba. Tun daga 2015 gwamnatin tarayya ta fara tura wa kowane ƙauye kuɗi kai tsaye, wanda daga baya ya kai kimanin rupiya (kuɗin ƙasar) biliyan guda a shekara, a 2024 kuma aka tsawaita wa'adin dagaci daga shekara shida zuwa takwas. Kujerar sai ta ƙara maiƙo.

An taɓa yunƙurin gyara rabon. A ranar 24 ga Satumba 1960, zamanin Sukarno, shugaban ƙasar na farko, aka kafa babbar dokar filaye wadda har yau ita ce ginshiƙi. Dokokin filaye na wannan zamanin sun ce a yankuna masu cunkoso gida ɗaya kada ya riƙe sawah fiye da hekta 5, kada mutum ya mallaki gona a gundumar da ba ya zaune, mai gona da mai noma masa su raba shinkafa daidai. Masu manyan gonaki suka yi ta jan ƙafa, suna rubuta filaye da sunayen dangi. Daga 1963 zuwa 1964 ƙungiyar manoma mai alaƙa da jam'iyyar gurguzu ta fara mamaye gonaki da kanta a Jawa ta Tsakiya da ta Gabas, aka yi ta artabu da masu filaye, cikinsu har da malamai masu makarantu. Abin da ya biyo baya a 1965 da 1966 kisan kiyashi ne, wanda ake ƙiyasta ya ci rayuka wajen rabin miliyan a ƙasar, kuma ƙauyukan Jawa na cikin wuraren da jini ya fi kwarara. Bayan haka, shekara talatin da wani abu na mulkin Suharto, duk wanda ya ɗaga maganar rabon gona ya san sunan da za a laƙaba masa.

Yadda marar gona ke cin gona

Tunda rabon bai yiwu ba, sai aka ci gaba da tsofaffin dabaru. Maro shi ne noman raba-biyu. A mertelu kuwa kashi uku ake yi, mai noma ya ɗauki ɗaya. Akwai haya ta shekara ko ta girbi, kuɗi hannu. Akwai jingina, wadda doka ta ce idan ta cika shekara bakwai a mayar wa mai gona abinsa ba tare da ya biya ko sisi ba, don mai riƙon ya riga ya ci kuɗinsa a amfanin. Doka ce mai kyau, amma wa zai kai maƙwabcin da ya fitar da shi kunya ƙara? Ana ba da saniya kiwo a raba 'ya'ya ko riba. Ga kuma ijon, sayar da amfani tun yana kore, ɗan'uwan ba-da-kaka, mai cin talaka ba tare da an ji ƙara ba.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne girbi. Har zuwa farkon shekarun 1970, girbin shinkafa a Jawa aikin mata ne, kuma a buɗe yake ga duk 'yar ƙauyen da ta zo. Kowace na riƙe da ani-ani, 'yar wuƙa da ake ɓoyewa a tafin hannu, tana yanke zangarniya ɗaya-ɗaya. Tsofaffi kan ce ana ɓoye wuƙar ne don kada a firgita Dewi Sri, wadda al'adarsu ta kafin Musulunci ta ɗauka uwar shinkafa. Da yamma kowace ta ɗauki daminta zuwa gidan mai gona, uwargida ta zauna ta fitar mata da rabonta, bawon. 'Yar'uwa ta kusa rabonta ya fi na maƙwabciya, na maƙwabciya ya fi na baƙuwa. Aiki ne mai cin lokaci, 'yar gona ƙarama sai ta cika maƙil da mata. Amma ta wannan hanya gwauruwa da marar fili ke shigar da shinkafa ɗaka.

Masanin nan ɗan Amurka, Clifford Geertz, wanda ya zauna a garin Pare na Jawa ta Gabas a shekarun 1950, ya dubi irin wannan ya ce ƙauyen Jawa rarraba talauci yake yi: kullum ana cusa ƙarin hannuwa cikin gona ɗaya, kowa ya samu loma, ba mai ƙoshi. Maganar ta yi tashe, amma waɗanda suka biyo bayansa sun nuna ya rufe ido ga tazarar da ke tsakanin mai fadama da ɗan ƙodago. Abin da ya faru daga baya ya goyi bayansu. Da gwamnati ta kawo gajeren iri mai yawan yi da takin zamani da bashi, shinkafa ta zama harkar kuɗi. Sai ga tebasan: ɗan kasuwa ya zo 'yan kwanaki kafin girbi, ya zagaya gonar, ya murza zangarniya a hannu, ya yanka farashi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idan an daidaita ya kawo nasa ma'aikatan, maza da lauje, su share gonar cikin yini. Mai gona ya huta da kunyar korar maƙwabta, tunda shinkafar ba tasa ba ce kuma. Injin casa ya kashe aikin matan da ke surfe a turmi. Yanzu kuma injin girbi ya shigo yana korar masu laujen su ma. Ƙasar ta wadatu da shinkafa a 1984, Suharto ya je Rum a 1985 aka yaba masa a taron hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Nasara ce ta gaske, kuma a daidai shekarun ne ƙauye ya daina samun aikin da zai ba 'ya'yansa duka.

Gado da takarda

Kusan duk mutanen nan Musulmi ne, amma rabon gado a ƙauye sau da yawa a zaman dangi ake ƙare shi. Wasu na bin sepikul segendong, namiji kashi biyu mace ɗaya, wanda ya yi daidai da fara'id. Wasu su raba daidai-wa-daida bisa yarjejeniya. Iyaye da yawa tun da ransu suke nuna wa kowane ɗa yankinsa, gida kuma yakan faɗa wa wanda ya zauna ya yi jinyarsu, galibi auta. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne gono-gini: duk dukiyar da aka samu bayan aure ta miji da mata ce tare. Idan aure ya mutu a raba biyu, idan miji ya rasu matar ta fara cire rabinta kafin a zo kan gado. Kundin dokokin Musulunci da kotunan addini na ƙasar ke aiki da shi tun 1991 ya amince da haka. Abin da kowa ya shigo da shi ko ya gada kuwa nasa ne. Wannan, haɗe da cewa mata ne ke riƙe kuɗin cefane kuma su suka cika kasuwa, ya sa mace a ƙauyen Jawa ba 'yar kallo ba ce a maganar fili.

Shi wannan kundin ya ba da shawarar gonar da ba ta kai hekta 2 ba kada a yayyanka ta, magada su ci ta tare ko ɗaya ya biya sauran. Sai dai gonar wa ta kai hekta 2? Ana auna rabo ne da ru, wanda yake kimanin murabba'in mita 14. Abin da ake yi a zahiri shi ne ɗaya ya zauna ya noma, 'yan'uwan da ke birni a riƙa ajiye musu buhunsu, ko a riƙa noma ta bi da bi. Dokar hana mallakar gona daga nesa tana nan a takarda, ba mai tayar da ita.

Shaidar mallaka ta gargajiya wani littafi ne a ofishin ƙauye, Letter C, rajistar haraji tun ta zamanin Holan, wanda carik ke riƙe da shi. An sha sayar da fili da baki, an sha gadonsa sau biyu sunan kaka na nan a littafi. Tun 2017 gwamnati ta tashi haiƙan da yi wa kowane fili rajista, da burin kaiwa filaye miliyan 126, shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, da kansa ya yi ta yawon raba takardu. Amfanin a bayyane yake: rigimar iyaka ta ragu, mai ƙarfi ba ya share sunan marar ƙarfi cikin sauƙi. Amma takardar da banki ke karɓa ta mayar da fili abin da ake iya rasawa ba tare da an yi niyyar sayarwa ba. Su da kansu idan an kai ta banki jingina cewa suke an sa ta a makaranta. Wanda ya ci bashin ya ja jari ya tsira. Wanda ya ci don biki ko mota, sai Allah.

Bikin kuwa ba abin rainawa ba ne, shi ne harajin zaman ƙauye. Haihuwa, kaciya, aure, sadakar uku da bakwai da arba'in da ɗari har da ta kwana dubu, kowanne da slametan, walimar da maƙwabta ke zama a yi addu'a kowa ya tafi da ƙunshin abinci. Mata su yi kwanaki a gidan biki suna girki. Gudummawa rubuta ta ake yi, shinkafa kilo kaza, sukari kaza, kuɗi kaza, ranar naka a mayar maka. A watannin da aure ya yi yawa abin da gida ke kashewa a nan na iya wuce na cefane. Ga adashi, ga gayyar ɗora rufi, ga jimpitan: kowane gida ya zuba ɗan tsinken shinkafa ko tsaba a gwangwanin da ke rataye a ƙofa, 'yan sintirin dare su bi su kwashe a zuba a asusun unguwa. Wanda ya janye daga wannan zai gani ranar da gawa ta kwanta a gidansa. Kuma kusan duka yanzu da kuɗi ake yi, kuɗin da kwatan hekta ba ta bayarwa.

Hanya

Tafiyar da ta fi tsufa ita ce ta kasuwa. Suna da mako mai kwana biyar, Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon, kasuwannin karkara na ci bi da bi a kansa, mata na goya kaya a baya tun kafin asuba. Turawan Holan sun shimfiɗa babbar hanya daga Anyer zuwa Panarukan, wajen kilomita dubu, zamanin Gwamna Daendels daga 1808, da aikin tilas da ya ci rayuka masu yawa. Jirgin ƙasa na farko ya tashi daga Semarang a 1867. Amma waɗannan don soja da sukari aka yi su. Abin da ya buɗe wa talaka ƙauye 'yar motar haya ce, Mitsubishi Colt, wadda ta cika hanyoyin karkara a shekarun 1970, daidai lokacin da lauje ke korar mata daga gona. Daga nan mutum ya iya zuwa birni ya yi makonni yana tura keken fasinja ko leburanci, ya dawo lokacin dashe da girbi, iyalinsa na ƙauye.

Ci-rani ne, amma kowane yanki da sana'arsa, domin ɗan'uwa ke jan ɗan'uwa. Mutanen Tegal da Brebes su ne masu ƙananan gidajen abinci na Jakarta da ake kira warteg. 'Yan Wonogiri sun yi suna a sayar da bakso, miyar curin nama, da maganin gargajiya na jamu. 'Yan Lamongan ke kafa rumfunan soyayyen tarwaɗa a bakin titi da dare. Ka shiga ƙauyukansu ka ga gidajen bene da tayil, a kulle, tsohuwa ɗaya na gadi.

Daga baya babur ya karɓe komai. Baburan da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura miliyan 120, ana ɗaukarsu bashi da ɗan abin kafin alƙalami. Babur ke ɗauko ciyawa, shi ke fito da buhu ta kan siririyar hanyar gona, shi ke kai budurwa masana'antar ɗinki ko ta takalma ta dawo ta kwana gida. Kaso mai tsoka na kuɗin da ake tura wa ƙauyuka ma a kankare hanyoyin cikin ƙauye ya tafi. Masana'antu na barin kewayen Jakarta suna komawa Jawa ta Tsakiya, inda mafi ƙarancin albashi a gundumomi da yawa bai kai rabin na can ba.

Akwai masu tafiya mai nisa. A 1905 Turawa suka kwashi iyalai 155 daga yankin Kedu zuwa Lampung a Sumatra, mafarin shirin rage cunkoso ke nan, wanda gwamnatocin bayan 'yanci suka faɗaɗa har aka kwashe miliyoyi, Jawa kuwa ba ta daina cika ba. Tsakanin 1890 da 1939 an kai wajen mutum dubu 33 Suriname aikin kwantiragi, jikokinsu na can. A zamanin nan mata ne kan gaba, daga Indramayu da Cilacap da Ponorogo da Blitar, zuwa aikatau a Malesiya da Hong Kong da Taiwan da Saudiyya, kodayake gwamnati ta dakatar da tura 'yan aikin gida Saudiyya a 2011 bayan an zartar wa wata hukuncin kisa. Abin lura shi ne inda kuɗin ke zuwa: a biya bashin dillalin da ya kai ta, a gina gidan bulo, sai a fanso gonar da aka jinginar ko a sayi sabuwa. Kuɗin waje ke tsadar da fadama, har manomin da bai taɓa fita ba ya kasa saye da kuɗin shinkafa. Tafiya ɗaya ce aka saba sayar da gona dominta ba a ga laifin mutum ba, aikin Hajji. Alhazanmu sun san su a Makka, cikin kaya iri ɗaya, a jere. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawancinsu sun ajiye rupiya miliyan 25 ne suka shiga layi, layin da a Jawa ta Tsakiya ya taɓa kai wajen shekara talatin.

Duk wannan jama'a sau ɗaya a shekara suke juyowa, da Ƙaramar Sallah. Mudik ake ce masa. A 2024 ma'aikatar sufuri ta ƙiyasta mutum miliyan 193 za su yi tafiya a faɗin ƙasar, Jawa ta Tsakiya ce kan gaba a wuraren da aka nufa. Miji da mata da yara biyu da kwali a kan babur ɗaya, tafiyar sa'o'i goma sha, har gwamnati kan ɗauki babura kyauta a jirgin ƙasa don rage haɗari. A 2016 cunkoso a mafitar babbar hanya da ke Brebes ya yi kwanaki, mutum fiye da goma suka rasu a ciki. Idan an isa, a durƙusa gaban iyaye a nemi gafara, a ziyarci kaburbura, a raba wa yara sababbin kuɗi. A wannan makon ne dangi ke cika, don haka a nan ake zaman gado, a nan ake yanke wanda zai noma fadamar bana, a nan ake shawarar a sayar ko a bari. Ranar komawa kuma sau da yawa da ƙarin fasinja, ƙane ko 'yar maƙwabci da za a nema wa aiki.

Ranar da hanya ta iso gonar

A Disamban 2018 babbar hanya mai kuɗin shiga ta haɗe Jakarta da Surabaya. Ta rage tafiyar, ta kuma bi ta tsakiyar fadamu. Duk inda aka yi mafita, sai masana'anta da rukunin gidaje su biyo, farashin fili ya tashi ya bar abin da shinkafa za ta iya biya. Akwai dokar 2009 ta kare gonakin abinci, amma shugaban gundumar da ke neman haraji da ayyukan yi ya san inda zai ja layi a taswira.

Mutanen Jawa na da karin magana cewa shafar goshi ɗaya da ƙasa mai faɗin yatsa, a kansu ake ba da rai. An ga haka. Da aka rufe madatsar ruwa ta Kedung Ombo a 1989, wadda Bankin Duniya ya ba da bashin gina ta, ƙauyuka 37 abin ya shafa, waɗanda suka ƙi karɓar 'yar diyyar da aka yanka kuma aka jefe su da sunan 'yan gurguzu. A 2016 matan yankin Kendeng sun zuba wa ƙafafunsu siminti a gaban fadar shugaban ƙasa don adawa da masana'antar siminti. A Fabrairun 2022 'yan sanda suka cika ƙauyen Wadas na Purworejo saboda rikicin haƙar dutse, suka kama mutane da dama.

Amma a ganina labarin Sumurgeneng, a gundumar Tuban, ya fi waɗannan faɗin inda aka dosa, don a can diyyar mai kauri ce. A farkon 2021 hotuna suka bazu na manyan motoci ɗauke da sababbin motoci suna shiga ƙauyen a jere, sama da 170, bayan an sayi gonakinsu don gina matatar mai. Wasu masu motocin ba su ma iya tuƙi ba. Shekara guda bayan haka mazauna ƙauyukan yankin suka fito zanga-zanga suna neman aiki, wasu dattawa na cewa sun yi nadama. An yi ta musu dariya a intanet, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Da yawansu sun sayi wasu gonaki a wani wuri, sun kuma gyara gidaje. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana juya kwatan hekta ba a taɓa koya masa juya biliyoyi ba. Waɗanda ba a ɗauki hotonsu ba su ne mai noman maro, da mai haya, da matar da ke dashe a biya ta da yamma. Babbar diyya sunan da ke kan takarda take bi. Su gonar da suke ci a cikinta ta tafi, kuma sunansu bai taɓa shiga littafin carik ba.